Ra'ayinmu: Dambe da Kokawa a Ma'aunin Shari'a

'Yan'uwa Musulmi, da kaka ta yi, samarin karkarar Gwarzo da Kabo kan fita fagen dambe da kokawa. Musulunci bai ƙi jarumta ba, domin Manzon Allah (SAW) ya kayar da Rukana a kokawa. Amma ya hana dukan fuska, ya kuma koyar da cewa danne fushi ya fi kayar da mutum. A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta haramta damben zamani, ta halatta kokawar da babu cutarwa. Damben gargajiya ma fuska yake nema, ga layu da guraye. Muna kira ga iyaye da masu unguwanni su karkata samari ga kokawa, a suturta al'aura, a bar tsafi, wanda ya yi kaye ya ɗaga ɗan'uwansa. Allah Ya sa mu dace.