Amfilifayar Kwalba: Kafin a Tambayi Farashi, a Tambayi Mai Gyara

Fiye da shekaru 70 ke nan da aka ƙirƙiro taransista a 1947, amma har yanzu akwai masu sauraron kiɗa da suka ƙi rabuwa da kwalbar lantarki, wato ƙaramar kwalbar gilashi mai jan haske da ake gani a cikin tsofaffin rediyoyi. Inda suka fi son ta shi ne a ƙaramar amfilifaya. Wannan na'ura ce ke karɓar raunanan sauti daga faifan garmaho ko wata kafa, ta ɗaga shi, ta daidaita ƙararsa, sannan ta miƙa wa babbar amfilifaya mai tura lasifika. Duk abin da ta yi wa sautin, mai kyau ko marar kyau, babbar za ta ninka shi. Shi ya sa zaɓi tsakanin sabuwa da ta hannu yake buƙatar natsuwa.

Masu goyon bayan ta hannu suna da hujja mai ƙarfi. Marantz Model 7 ta ƙarshen shekarun 1950 da McIntosh C22 ta farkon shekarun 1960 har yau ana rububinsu, kuma na'ura mai suna irin wannan ba ta faɗuwa daraja da sauri kamar sabuwa, wadda farashinta ke raguwa da zarar an buɗe kwalinta.

Sai dai yawancin masu saye kwalbar kawai suke dubawa, alhali ita ce mafi sauƙin matsala. Kwalba samfurin 12AX7, wadda kamfanin RCA ya fitar a ƙarshen shekarun 1940, tana yin aikin dubban sa'o'i, kuma idan ta gaji zare ta ake yi a sa wata. Har gobe ana ƙera ta a Rasha da Sulobakiya da Sin, ko da yake yaƙin Yukiren na 2022 ya jawo ƙarancinta da tsada. Abin da ke tsufa a ɓoye shi ne kafasita. Ruwan sinadarin da ke cikin wasu nau'o'inta yana bushewa da shekaru, ko ana kunna na'urar ko tana ajiye. Daga nan sai gurnani ya shiga sauti, idan kuma kafasitar ta lalace gaba ɗaya tana iya ƙona taransifoma, wadda samun madadinta ke da wuya da tsada.

Akwai kuma batun wuta. Na'urar da aka yi don kasuwar Amurka tana aiki da bolt 120, ta Japan bolt 100, alhali wutar gida a Najeriya da Nijar ta kai bolt 220 zuwa 230. Jona ta kai tsaye asara ce nan take. Dole sai da na'urar rage ƙarfin wuta, ga kuma hawa da saukar lantarki da ke wahalar da tsofaffin kayan ciki.

Saboda haka ma'aunin gaskiya shi ne samuwar ƙwararren mai gyara. A cikin wannan akwati akwai wutar da kan haura bolt 250, kuma kafasita na riƙe ta ko bayan an zare filogi, don haka ba aikin ɗan koyo ba ne. Wanda ke da irin wannan gwani kusa, kuma mai sayarwa ya nuna masa shaidar gyaran da aka yi, ya bar shi ya saurari na'urar har ta yi zafi, to ta hannu za ta iya ba shi ingancin da kuɗinsa ba za su sayo a sabuwa ba. Wanda ba shi da gwani, gara ya sayi sabuwa mai garanti da aka ƙera don wutar ƙasarsa, ko da sunanta bai kai na tsofaffin ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma tsohuwar na'urar da babu mai iya buɗe ta, ranar da ta fara gurnani ta zama kayan ajiya a kan kanta.