Kujerar Gaba Ga Mai Cikakken Tikiti

Tun 1981, lokacin da American Airlines ya ƙirƙiro shirin AAdvantage, kamfanonin jiragen saman Amurka ke saka wa masu yawan hawa jiragensu da kujerar ajin farko kyauta. Cikin waɗanda aka fifita akwai fasinjan da ya yanki tikitin ajin talakawa kan cikakken farashi, irin mai alamar Y ko B, wanda ake iya sauya ranarsa ko a karɓi kuɗinsa. A da, a kamfanin United, mai yawan hawa jirgi da ya kai matsayin Premier, kuma yake riƙe da irin wannan tikiti, kan samu kujerar gaba tun lokacin yankan tikitin a zirga-zirgar cikin gida, muddin da gurbi. Wannan adalci ne, domin kuɗin da ya biya kan ninka na maƙwabcinsa, wani lokaci ma ya kusa kai na ajin farkon. Abin takaicin shi ne yadda kamfanonin yanzu ke tallar ragowar kujerun a manhajar waya da rahusa har dab da tashi, sai amintaccen fasinja ya tsaya a ƙofar jirgi yana duban sunansa a jerin masu jira, alhali an riga an sayar da gurbin.