Talotalo ba na kasuwa kaɗai ba ne

Ƴan'uwa manoma na bakin Komadugu, tun 2015, lokacin da rikicin Boko Haram ya kori mutanen Assaga zuwa bakin babbar hanya, nama ya yi ƙaranci a tukwanenmu. Yara ne suka fi jin jiki. Duk da haka, mai kiwon talotalo kasuwar Diffa yake jira da shi, gidansa kuwa ana shan miya lami. A ganinmu wannan kuskure ne.

Girkinsa ba shi da wuya. A yanyanka shi ƙanana, a tafasa da albasa, citta da gishiri. Tsohon talotalo yana da tauri, sai a yi haƙuri da wuta har ja ya ɓace daga cikin tsokar, domin naman da bai nuna ba yana kawo gudawa. Romon a zuba masa garin jan tattasanmu, a ci da shinkafa ko tuwon gero. Sauran tsokar a yi bandarta kamar kifi, tunda zafin garinmu ba ya barin nama ya daɗe. Ƙashin ma yana ƙara wa miyar kuka daɗi.

Hanta da tsoka mai laushi a marmasa wa yaro tun daga wata 6, kada a tara wa maigida duka.

Bayan fiɗa a wanke hannu da wuƙa da sabulu. Talotalo mara lafiya kuwa kada a yanka shi, gama murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magaria a 2006. A hanzarta sanar da likitan dabbobi.