Tsohon Kiɗan Fiyano: Guba Ba Ta Zama Zuma Don Ta Kwana

Wata muhawara ta kunno kai a majalisun matasa a Jega, tun daga teburan masu shayi na Firchin da shagunan masu cajin waya da tura waƙoƙi, har zuwa tashoshin 'yan kabu-kabu masu bin hanyar Aliero da Maiyama. Wai tsofaffin waƙoƙin fiyano na finafinan Hausa, irin na zamanin Sangaya da Wasila, sun fi na yanzu ma'ana da tarbiyya, saboda haka babu laifi saurayi Musulmi ya cika wayarsa da su. Abin takaici shi ne daga cikin masu wannan magana har da waɗanda ake gani a sahun gaba a masallaci, har da masu zama gaban malamai tsakanin Magariba da Isha'i. To, tunda abin ya kai nan, ya zama wajibi a fayyace wa ɗan'uwa matashi asalin wannan kiɗa da irin ɓarnar da ya yi, don kada ɗokin tuna baya ya rufe masa ido.

Da farko, daga ina fiyanon ya fito? A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Cikin shekarun da suka biyo baya sai ɗakunan haɗa kiɗa na Kano, irin su Iyan-Tama, suka fara aiki da fiyanon kamfanin Yamaha na ƙasar Japan, na'urar da mutum ɗaya zai zauna gabanta ya fitar da sautin sarewa da ganga da sauran kayan kiɗa da yatsunsa. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999 ya yi kasuwar da ta ba kowa mamaki, sai 'yan kasuwar fim suka gane cewa waƙa da rawa ne ke sayar da kaset, ba darasin labari ba. Daga nan fim ɗin da ba shi da saurayi da budurwa suna zagaya itatuwa suna yi wa juna waƙa sai ya zama kwantai. Salon kuwa kowa ya san na aro ne, daga finafinan Indiya aka kwaso shi, waɗanda gidajen siliman 'yan Lebanon suka shafe shekaru suna nunawa a biranen Arewa. Wato na'ura ta Japan, rawa ta Indiya, kuɗi da lokaci da mutunci kuma na 'ya'yan Musulmi.

Masu kare wannan kiɗa sukan ce ai al'ada ce. Al'adar wa? A wane gida na mutunci a ƙasar Gwandu aka taɓa ganin uba ya saki 'yarsa ta yi rawa da namijin da ba muharraminta ba, a ɗauka a sayar a kasuwa? Ko makaɗan gargajiya irin su Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991 da Mamman Shata da ya rasu a 1999, waɗanda su ma malamai ba su ƙyale su ba, ba da wannan suka zo ba. Hasali ma fiyano shi ya kashe wa masu kalangu da kotso da gurmi kasuwa. Ke nan wanda ke kukan al'ada ba shi da abin kamawa a nan.

Sukan kuma ce ai waɗancan waƙoƙi ba su da batsa irin ta TikTok. Wannan gaskiya ce rabi, kuma ita ce mafi haɗari. Ɓarna ba ta shigowa gida a guje, rarrafe take yi. Wanda ya buɗe ƙofa shi ne mai laifi na farko, ba wanda ya tarar da ita a buɗe ba. Yarinyar da take rawa a waya yau, uwarta ce ta girma da haddar waƙoƙin nanaye a tsakar gida, ba wanda ya ce mata kul. Don na yau ya fi muni, wannan bai wanke na jiya ba. Mai ciwon kuturta ba ya yi wa ranar da tabon farko ya fito masa kirari.

Hujjarsu ta uku ita ce wai malamai sun yi saɓani a kan kiɗa. Haƙiƙa an yi. Sahabi Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) ya fassara zancen shagaltarwa da aka ambata a aya ta 6 ta Suratu Luƙman da cewa waƙa ce, kuma Imamu Buhari ya kawo hadisin da Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Ibnu Hazmin ya soki wannan hadisi, Imamu Gazali kuma ya yi sassauci da sharuɗɗa. Amma a kawo malami ɗaya tak daga cikin masu sassaucin da ya halatta cakuɗuwar maza da mata ana rawa, ana siffanta jikin mace ana tayar da sha'awar gwauro. Babu shi. Saboda haka fakewa da saɓani a nan, fakewa ne da guzuma a harbi karsana.

Kuma matashin Jega bai da uzurin jahiltar wannan, domin ga Gwandu nan kusa da shi, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake kwance. Tun ana tsakiyar jihadi ya juya baya ya nufi gabas har ya kai Kano, saboda abin da ya gani na sauyin halin jama'a, kuma a littafinsa Tazyinul Waraƙat ya lissafa shagala da kayan kiɗa da bushe-bushe tare da son mulki da cin rashawa a cikin abubuwan da suka ɓata masa rai. Idan wannan ne ya dami Malam Abdullahi a zamanin da ake kwana da takobi, me zai ce da saurayin da ya haddace waƙoƙin fim hamsin amma bai iya kawo farillan alwala daga Ahalari ba?

Sai dai kada wani ya zaci maganin yana hannun gwamnati. An gwada an gani. Bayan ƙaddamar da Shari'a, Kano ta dakatar da harkar fim a ƙarshen shekarar 2000, ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka sake matsawa ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim, har aka ɗaure Adam A. Zango saboda bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. Me ya biyo baya? Wasu 'yan fim suka koma Kaduna, waƙa ta bar kaset ta shige waya, inda babu mai tace ta. Su kuma 'yan siyasa, da zaɓe ya matso, sai ga su suna hayar waɗannan masu fiyano su yi musu waƙar jam'iyya. Mai haramta abu da rana ya saye shi da dare ba zai gyara tarbiyyar kowa ba.

Don haka gyara yana wuyan matashin da kansa. Ya ɗauki wayarsa ya ƙirga abin da ke ciki: waƙa nawa, karatu nawa? Ya tambayi kansa sau nawa Asuba ta wuce shi saboda ya kwana da abin sauraro a kunne. Mai shagon tura waƙoƙi ya tuna cewa duk abin da ya zuba wa yaro a waya yana da kamasho a cikinsa, na lada ko na zunubi. Masu waƙoƙin addini su ma su yi hattara, kada su ɗauko karin waƙar fim su ɗora wa yabon Manzon Allah (SAW), ta yadda mai sauraro bakinsa na salati zuciyarsa na wajen 'yar rawa.

Ƙuruciya jari ce da za a tambayi kowa yadda ya kashe ta. Allah Ya tsare matasan Musulmi daga shagala, Ya sa ƙarfinsu ya tafi a kan neman ilimi da ɗaukaka addininSa. Amin.