Falwaya a Gonar Talaka: Ina Diyyar?

A hutun da ya wuce mun koma ƙauye, muka tarar da wani dattijo maƙwabcinmu yana zaune a bakin gonarsa ya yi tagumi. Ma'aikatan wani kamfani sun shigo masa da rani, sun sare ɗorawa biyu da kuka guda, sun haƙa ramuka sun kafa turakun wutar lantarki, suka yi gaba. Ba su kawo masa takarda ba, balle su ba shi ko sisin kwabo. Da muka tambaye shi me ya sa bai kai ƙara ba, sai ya ce, "'Ya'yan nan, ai an ce ƙasa ta gwamnati ce."

Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin da ita ake danne haƙƙin manoma da yawa a ƙasar nan.

Gaskiya ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna. Amma amana ce dokar ta ce ya riƙe domin jama'a, kuma ta bar wa manomi haƙƙinsa na zama da noma a kan gonar da ya gada, ko da ba shi da takardar mallaka. Sashe na 28 ya yarda Gwamna ya karɓi fili saboda amfanin jama'a, amma sai an ba mai shi sanarwa a rubuce. Sashe na 29 kuwa ya wajabta biyan diyyar gini da shuka da sauran abin da mutum ya raya a wurin.

Tsarin Mulki na 1999 ya ƙara fito da maganar fili. Sashe na 44 ya amince doka ta ba hukuma ikon shiga ƙasar mutum ta kafa turaku, ta ja waya, ko ta binne bututun ruwa ko na mai. Sai dai ya gindaya sharaɗi, wato a gaggauta biyan diyyar ɓarnar da aka yi wa gini, da itatuwa masu amfani, da amfanin gona. Ashe ke nan ɗorawar dattijon nan tana da kuɗi a idon doka, kuma bashi ne a wuyan wanda ya sare ta.

Mu lura kuma da cewa asarar ba ta tsaya kan ramin turke ba. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce a bar fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin babban layi mai ƙarfin kilobolt 330, mita 30 ga mai 132, da mita 11 ga mai 33. A cikin wannan fili ba a gini, ba a barin dogon itace. Mai ƙaramar gona a bakin gari, wanda yake fatan wata rana ɗansa ya gina gida a wurin, to an yanke masa wannan fata har abada.

Wani zai ce, ai wuta alheri ce ga kowa, don me mutum guda zai tare hanya? Mun yarda wuta alheri ce, mu ma da ita muke karatu. To amma idan amfanin na kowa ne, ina dalilin da mutum ɗaya zai ɗauki asarar shi kaɗai? Bugu da ƙari, tun shekarar 2013 aka sayar wa 'yan kasuwa kamfanonin rarraba wuta waɗanda suka fito daga tsohuwar NEPA. Wanda ke neman riba da turken da ya kafa a gonar wani, ai bai kamata ya ji nauyin biyan mai gona ba.

Abin da muke ba iyayenmu shawara shi ne: duk wanda aka shigo wa gona, ya nemi ganin takardar izini, ya san sunan hukumar da ta aiko. Ya kira mai unguwa da shaidu a ƙirga itatuwa da kunyoyin da aka ɓata, a ɗauki hoto, a rubuta ranar. Kada ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta masa ba. In an ƙi biya, ƙofar kotu a buɗe take, kuma a yi hanzari, domin wasu ƙararrakin suna da wa'adi. Amma kada fushi ya sa a tumɓuke turke ko a yanke waya. Wannan laifi ne babba, kuma yana iya cin rai.

'Yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun shari'a, Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Da gumin manoman nan aka kawo mu jami'a. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta fassara waɗannan sassa na doka da Hausa, a boko da ajami, kowannenmu ya kai wa dagacin garinsu a hutu mai zuwa. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.