Ba Sunan Unguwa Ke Karantar Da Yaro Ba

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in ja hankalin matasanmu na Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Doguwa masu kwashe iyali su koma gefen birnin Kano, irin su Naibawa, Mariri da Panshekara, wai neman makaranta mai kyau.

Ban ga laifinsu ba. A ƙauyukanmu sai ka tarar malami ɗaya na fama da aji biyu, yara zaune a ƙasa. To amma can ma ta gwamnati cike take maƙil. Ta kuɗi kuwa kowane zango sai ka biya, ga haya, ga kuɗin Adaidaita Sahu, ga 'yan garuwa. Wani sai ya sayar da hatsinsa tun da kaka, wani har gona.

Shawarata, kafin ka kama haya, je makarantar da ƙafarka ranar karatu. Ƙirga yaran aji, ka sa ɗan aji huɗu ya karanta maka layi biyu. Fenti ba ya koyar da kowa.

Gwamnati kuma ta tuna, makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da aka buɗe a 1977 ba a birni suke ba, amma sun yaye likitoci da injiniyoyi. Dokar ta-ɓaci kan ilimi ta 2024 ta kawo mana malamai har nan. In an yi haka, wa zai bar gonarsa?

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Ɗansoshiya, Ƙaramar Hukumar Kiru.