Idan 'Yan Majalisa Suka Je Ganin Roka

Lokaci-lokaci hoton yakan iso mana nan ƙasashen waje ta zaurukan WhatsApp: ayarin 'yan majalisa cikin manyan riguna, wasu sun ɗora hular kwano a kan hular zanna, suna kewaye da wata siririyar roka, injiniya yana nuni da yatsa, su kuma suna gyaɗa kai. Wani lokaci a hedikwatar Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, wato NASRDA, da ke kan hanyar filin jirgin sama a Abuja ake ɗaukar hoton, wani lokaci kuma a cibiyar hukumar da ke garin Epe a jihar Legas, inda ake nazarin roka da makamashin da ke tura ta. Jawabin da ke biyo baya ma mun kusa haddace shi. Shugaban kwamiti zai ce abin da suka gani ya burge su, zai yi alkawarin duba batun kuɗi, sannan motoci su kama hanya.

Ba mu cikin masu yi wa wannan ziyara dariya. Sa ido a kan hukumomin gwamnati aiki ne da sashe na 88 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Tarayya, kuma gani ya kori ji. Ɗan majalisar da ya taka ƙafarsa ya shiga ɗakin gwaji ya fi wanda bai san hukumar ba sai a matsayin layi ɗaya cikin kundin kasafin kuɗi. Abin da ke damun mu shi ne an mayar da ziyarar yawon buɗe ido, alhali an ƙirƙiro ta ne domin a yi tambaya. Wanda ya je bincike ya dawo da mamaki kaɗai, to bai yi aikin da aka zaɓe shi dominsa ba.

Kafin mu kai ga tambayoyin, sai mun amsa wa wasu daga cikinmu, domin muhawarar takan taso duk lokacin da hoton ya zagayo. Sukan ce ƙasar da ta kasa tsayar da wutar lantarki ta yini guda, mene ne haɗinta da sararin samaniya? Maganar tana da daɗin faɗa, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Lokacin da Indiya ta harba rokarta ta farko ta gwaji a ƙauyen masunta na Thumba cikin watan Nuwamba na 1963, talaucinta ya kai inda ya kai. Rokar ma ƙirar Amurka ce, wani tsohon coci ne ofishin masanan, a kan keke aka riƙa ɗaukar wasu sassan kayan aiki. Vikram Sarabhai, wanda ya jagoranci shirin, bai yi wa 'yan siyasar ƙasarsa alkawarin zuwa duniyar wata ba. Ya kafa hujjarsa ne a kan hasashen damina da sadarwa da ilimin karkara, kuma a 1975 suka aro tauraron ɗan'adam daga Amurka suka riƙa watsa darussan noma da kiwon lafiya zuwa ƙauyuka kusan 2,400. Saukar da suka yi a kusa da kudancin wata a Agustan 2023 ta zo ne bayan shekara 60 na aiki mara yankewa. Ashe talauci ba shi ke hana ƙasa shiga wannan fage ba. Rashin sanin abin da ake nema a cikinsa shi ke hanawa.

Nijeriya ma ba baƙuwa ba ce a nan. An kafa NASRDA a 1999. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha, wanda kamfanin Surrey da ke Guildford a Ingila ya ƙera, kuma hotunansa na cikin waɗanda aka yi amfani da su bayan guguwar Katrina ta afka wa Amurka a 2005. A Mayun 2007 Sin ta harba mana tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar farantan da ke tara masa hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamban 2011. A Agustan wannan shekara ta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny, kuma na biyun injiniyoyin Nijeriya ne suka haɗa shi da hannunsu a Guildford bayan horon da suka samu. Wannan ba ƙaramin abin alfahari ba ne.

Sai dai a dubi shekarun da kyau. Tauraron ɗan'adam ba gini ba ne da za a yi masa fenti ya koma sabo. Yana da wa'adi tun daga ranar ƙira, domin batirinsa yana tsufa, man da yake gyara zamansa da shi yana ƙarewa, zafi da sanyin sama suna cin kayan cikinsa. An ƙera NigeriaSat-2 ne don ya yi shekara 7, NigComSat-1R kuma shekara 15. Duk wanda ya iya tarawa zai gane cewa tun ranar da aka harba su an san ranar da za a buƙaci magadansu, kuma daga sanya hannu a kwangila zuwa harbawa ana cin shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka tambaya ta farko da ya kamata ɗan majalisa ya shiga da ita a aljihu ita ce: a yau, wane tauraro ne yake aiki, wane ne ya yi shiru, kuma ina takardar da ta nuna ranar da magajin kowanne zai tashi da kuɗin da zai ci?

Batun rokar kanta ya fi buƙatar a yi gaskiya. Ƙaramar rokar gwaji da ke tashi ta yi 'yan kilomitoci ta faɗo abu ne mai amfani. Da ita ake koyon haɗa makamashi, da sarrafa wutar da ke fita, da auna abin da ke faruwa cikin daƙiƙu kaɗan. Amma tsakaninta da rokar da za ta ɗora tauraro a kan hanyarsa ta kewaya duniya akwai tazara mai nisa, domin tsawo kaɗai bai isa ba. Sai abin ya kai gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a guda kafin ya daina faɗowa, kuma hakan na buƙatar roka mai hawa-hawa, wadda mafi yawan nauyinta mai ne. Ƙasashen da suka iya wannan da kansu ba su da yawa, kuma babu ta Afirka a cikinsu. Indiya ta gwada a 1979 rokar ta faɗa teku, sai a 1980 ta dace. Koriya ta Kudu, duk da ƙarfin masana'antunta, sai a 2022 rokarta ta gida mai suna Nuri ta kai tauraro inda ake so. Burazil kuwa, a Agustan 2003 rokarta ta kama wuta a dandalin Alcântara kwanaki kaɗan kafin harbawa, mutum 21 suka mutu, akasarinsu injiniyoyi da ƙwararrun ma'aikata, shirin bai sake miƙewa ba.

Mun kawo waɗannan ne saboda alkawuran da aka saba yi. Taswirar shekara 25 da aka zana wa shirin sararin samaniyar Nijeriya ta sa burin harba tauraro daga ƙasarmu da rokarmu kafin ƙarshen wa'adinta a 2030, kuma a 2016 ministan kimiyya da fasaha na lokacin, Ogbonnaya Onu, ya ce za a aika ɗan Nijeriya sama kafin wannan shekarar. Buri ba laifi ba ne. Epe ma tana da wata baiwa ta zahiri: tana kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa roka gudu kyauta, dalilin da ya sa Turawa suke harba nasu daga Kourou a Kudancin Amurka. Amma ɗan majalisar da aka nuna wa rokar gwaji ya fito yana shaida wa 'yan jarida cewa mun kusa, ya cuci injiniyoyin da suka karɓi baƙuncinsa, domin ya ɗora musu nauyin alkawarin da ba su da kuɗin cikawa. Gara ya tambaye su matakin da suke kai, da mataki na gaba, da abin da zai ci, da kuma yadda ake kare rayukan masu haɗa makamashin.

Nan ne maganar kuɗi ta shigo, kuma nan ne ziyarar ta fi rauni. Kowa ya san cewa a Nijeriya abin da majalisa ta rubuta a kasafi daban, abin da baitulmali ya saki daban, musamman a kuɗin manyan ayyuka. Aikin kimiyya kuwa ba ya jure wa irin wannan. Ana iya dakatar da titi a rabi a dawo masa baɗi, amma gwajin da aka katse sai a sake shi daga farko, na'urar da aka saya ba kuɗin kula da ita takan lalace a cikin akwatinta, injiniyan da aka kashe shekaru ana horarwa kuma yakan gaji da zaman jira. Da yawa daga cikinmu mun haɗu da irin waɗannan a jami'o'i da kamfanonin ƙasashen da muke zaune, kuma ba mu da bakin zarginsu, tunda mu ma a waje muke. Kwamitin da ya ziyarci cibiya bai nemi a ajiye masa alƙaluman abin da aka ware da abin da aka saki na shekara biyar a jere ba, bai tambayi yawan waɗanda aka horar da yawan waɗanda suka rage ba, to alkawarin da ya yi na duba batun kuɗi fatar baki ce.

Akwai kuma abin da muke so wakilan Arewa su ji musamman, domin mun lura sukan ɗauki wannan fage kamar na wasu ne. Cibiyar nazarin hotunan ƙasa daga sama tana Jos, cibiyar auna siffar ƙasa da motsinta tana Toro a jihar Bauchi, kuma babu yankin da ya fi namu buƙatar ido daga sama. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai, kuma hotunan taurari ne suka nuna wa duniya hakan. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 ta raba sama da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri. Tauraro ba ya gyara madatsa, amma yana nuna yadda ruwa ke taruwa, da unguwannin da ke kan hanyarsa, da gonakin da suka nutse, da burtalin da aka cinye, da sababbin hanyoyi da sansanoni a dazuzzukan Zamfara da Birnin Gwari. Ya kamata sanatan da mazaɓarsa ke fama da ɗaya daga cikin waɗannan ya tambaya: hoton da aka ɗauka, hannun wa yake shiga, cikin kwana nawa, kuma ma'aikatar gona ko hukumar agajin gaggawa ta jiharsa tana da ma'aikaci ko ɗaya da ya iya karanta shi? Muna ganin wannan tambaya ta fi ta roka gaggawa, kuma amsarta ta fi arha nesa ba kusa ba.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kowace ziyarar sa ido ta ƙare da rahoto a rubuce, a gabatar da shi a zauren majalisa, a kuma wallafa shi inda ɗan ƙasa zai iya karantawa, ɗauke da alƙaluma da ranaku, yadda kwamitin da zai zo bayan zaɓe zai ɗora daga inda na baya ya tsaya maimakon ya sake zuwa ya yi mamaki daga farko. Ya kuma kyautu kwamitin ya tafi da masani nasa na kansa wanda ba ma'aikacin hukumar ba, domin ba laifi ba ne lauya ko ɗan kasuwa ya kasa bambance rokar gwaji da ta harba tauraro, laifin shi ne ya ƙi neman wanda zai bambance masa. Masu irin wannan ilimi suna nan a jami'o'in gida, suna nan kuma a cikinmu.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi takardu, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. Nisanmu da gida bai cire mana wannan haƙƙi ba. Shawararmu ita ce ɗalibanmu na fannin injiniya da na shari'a su haɗu su tsara wasiƙa guda zuwa ga kwamitocin kimiyya da fasaha na majalisun biyu, a nemi rahoton ziyararsu ta ƙarshe zuwa Epe da Abuja, kowannenmu kuma ya aika kwafi ga wakilin mazaɓarsa. Duk amsar da ta zo, za mu buga ta a waɗannan shafuka yadda take, idan kuma shiru ya biyo baya za mu rubuta ranar da aka aika wasiƙar da adadin kwanakin da suka wuce.